Motar Ƙungiya Ma Tana da Indararo

'Yan'uwa manoma, kowace shekara idan hadari ya fara haɗowa daga gabas, mai gida yakan hau soro ya duba yaɓe, ya share indararo. Ba ya jiran kowa ya gaya masa. Amma ga abin mamaki: mutumin nan da ba zai kwana da toshasshen indararo ba, shi ne yake zaune cikin kwamitin ƙungiya, motar da aka saya da gumin jama'a kuwa tana yoyo a kan taki da iri, sai ya ce ai haka motocin Kwatano suke.

Muna so mu yi magana a kan motocin nan masu tagar gilashi a rufi. A zamanin iyayenmu, ƙungiyar da ta yi ƙarfi takan sayi Peugeot a-kori-kura, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975. Rufinta ƙarfe ne falle ɗaya, bayanta tamfol. Idan tamfol ya yage, sai a kai wa mai ɗinki. Daga baya sai tsofaffin motocin Turai suka cika hanya, su Golf da Sharan, waɗanda suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, suka biyo ta Nijar, suka shigo ta Birnin Konni da Illela. Gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017, amma waɗanda suka riga suka shigo suna nan suna sauya hannu, su ne kuwa kuɗin ƙungiya yake iya kaiwa. Da yawa cikinsu suna da tagar nan. Bature ya yi ta domin ya sha hantsi a ƙasar da rana take wuyar gani. Mu nan Amarawa, me za mu yi da ƙarin rana a watan Afrilu?

Abin da yawancinmu ba su sani ba shi ne, waɗanda suka ƙera tagar nan ba su yi ta domin ta hana ruwa ɗungum ba. Robar da ta kewaye gilashin tana rage ruwa ne kawai. Wanda ya wuce yakan sauka cikin wata 'yar kwata da ke ƙarƙashin gilashin. A kusurwoyin kwatar akwai ƙananan kafofi, galibi huɗu, kowace da siririn tiyo wanda ya bi ta cikin ginshiƙin mota ya fita ta ƙasa, na gaba kusa da ƙofa ko bayan taya, na baya kuma wajen tayoyin baya. Watau indararo ke nan, sai dai a ɓoye yake.

To, ku tuna abin da yake sauka a kan motar nan daga kaka zuwa bazara. Ƙurar hunturu wata da watanni, ƙaiƙayin gero daga masussuka, ganyen dogon yaro inda direba yake fakewa don inuwa. Duk suna taruwa cikin kwatar. Ruwan farko na watan Yuni yana sauka, sai ya kwaɓa su su zama laka, su toshe bakin tiyon. Ruwa kuwa ba ya rasa hanya. Sai ya tumbatsa, ya jiƙa silin, ya gangara ta ginshiƙi, ya kwanta ƙarƙashin kafet inda ba mai gani. Can kuwa wayoyin wuta suke bi. Shi ya sa motar da ta fara da ɗigo a kan kafaɗar direba takan ƙare da fitilu masu kunna kansu, da batir mai mutuwa kowace safiya, da tsatsa mai cin ƙasan mota.

Asarar kaya ita ce ta fi damunmu. Takin yuriya yana shan ruwa kamar gishiri, buhu mai kilo 50 ya jiƙe ya dunƙule, ba ya barbaɗuwa daidai a gona. Irin da ya sha laima yakan yi hunhuna, ko ya ƙi tsira. Albasar da ta jiƙe a hanyar Sakkwato, kowa ya san yadda ɗan kasuwa zai taya ta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kowace tafiya ta ƙara tsada, bai kamata a ce an biya kuɗin mai domin a kawo ruɓaɓɓen kaya ba.

Yanzu ga inda ba mu yarda da al'adar da ta yaɗu ba. Da zarar an ga ɗigo, sai a aiki yaro ya sayo gam, a shafe bakin gilashin kaf, wasu har kwalta suke narkawa. Wannan kamar mutum ne ya bar indararo a toshe ya yi ta ƙara yaɓe a bakinsa. Zafin bazara ɗaya ya isa ya ɗaga gam ɗin. Ruwa ya sake shiga, hanyar fita kuwa tana nan a toshe, ga shi yanzu ba a iya buɗe tagar a share.

Gyaran gaskiya ba ya cin rabin yini. A buɗe tagar, a kwashe dattin da ke cikin kwatar da hannu da ɗanyen tsumma. Sa'an nan a ɗauki buta a zuba ruwa kaɗan a kowace kusurwa, wani ya durƙusa ya duba ƙarƙashin mota. Idan ruwa ya fito, wannan tiyon lafiya yake. Idan ya tsaya, a zura igiyar roba mai ɗan kauri, mai lanƙwasuwa, a hankali, ana juya ta, har lakar ta saki. Kada a yi amfani da waya mai tauri, gama takan huda tiyon. Kada kuma a kai wa mai faci ya hura da iskar injinsa, domin ƙarfinta yana iya cisge tiyon daga mazauninsa a cikin ginshiƙi, ruwa ya koma zuba kai tsaye cikin mota. Robar kuma a wanke ta da ruwa da sabulu. Baƙin mai da giris ba abincinta ba ne, suna sa ta kumbura ta lalace. A ƙarshe a ɗaga kafet a bar shi ya bushe sarai a rana.

In an yi wannan duka yoyo bai daina ba, to, ko tiyon ya riga ya fita, ko kuwa ba tagar ce mai laifi ba. A duba robar gilashin gaba, a duba kuma inda aka huda rufi aka ɗaura kariya. Wannan aikin makaniki ne, tilas a sauke silin a gani.

Akwai laifin da yake namu. Rufin da aka yanka aka sa gilashi ba wurin ɗora buhuna ba ne. Ran kasuwar Illela mukan ga an jera kaya a kai an ja igiya da ƙarfi. Ƙarfen da ke riƙe da gilashin yana lanƙwashewa, daga nan ba sharar da za ta hana yoyo.

Wasu dattawa suna cewa a kai wa mai walda ya cire gilashin ya rufe wurin da ƙarfe, a huta. Idan injin tagar ya mutu, ko ƙarfen ya riga ya karkace, muna tare da su, muddin za a yi walda mai kyau, a sa fenti ciki da waje saboda tsatsa. Amma a rufe taga mai lafiya domin ƙyuyar shara, wannan ɓarnar kuɗin ƙungiya ne. Ƙungiyar da ba ta sayi mota ba tukuna kuwa, shawararmu ita ce ta nemi marar taga, ko da mai tagar ta fi kyan gani.

Roƙonmu ga shugabanni shi ne, a taron da ke tafe a ba mutum ɗaya wannan aiki, a rubuta sunansa cikin littafin ƙungiya. Ya share kwatar sau biyu a shekara, cikin watan Mayu kafin ruwan shuka, da kuma bayan an gama sussuka. Ma'aji ya tsaya a wurin har ya ga ruwan butar ya fito ta ƙasa da idonsa kafin ya sa hannu.