Man Kifi a Cikin Rigar Kaki

Man kifi yana da amfani, amma ba shi da juriya. Sinadarin omega-3 da ake nema a cikinsa, da zarar iska ta taɓa shi sai ya fara lalacewa, ƙarni ya tashi. Shi ya sa masu haɗa madarar jarirai da garin ƙarin lafiya suka daɗe suna neman yi masa riga.

Tsohuwar hanya ita ce a dama man da ƙaro ko sitaci, a fesa shi cikin iska mai zafin digiri 150 zuwa 200 har ya bushe ya zama gari. Ƙaron kuwa galibi daga Sudan da Chadi da Najeriya ake kai shi. Aibin hanyar a fili yake: zafi da iska, abokan gaban man, su ne aka damƙa wa aikin.

Sabuwar dabarar da iskar kabon dayoksaid take aiki. Idan zafinta ya haura digiri 31, aka kuma matse ta ninki 73 na matsin iskar da muke shaƙa, sai ta shiga wani hali na tsaka-tsaki: tana ratsa abu kamar iska, tana narkar da shi kamar ruwa. Da ita Kurt Zosel ya nuna a Jamus yadda za a cire kafin daga kofi. A shekarun 1990 Eckhard Weidner na Jamus da Željko Knez na Slobeniya suka juya ta zuwa yin gari. Ana narkar da kaki a tukunyar ƙarfe mai kauri, a zuba mai, a tura iskar ta shige cikin haɗin har ya tsinke. Sannan a buɗe masa ɗan siririn baki. Iskar na kuɓucewa sai sanyi ya sauka nan take, kakin ya daskare yana rungume da ɗigon mai. Abin da ke zubowa gari ne mai laushi, ba ruwa a ciki, ba ragowar sinadari mai guba.

Dabarar ta cancanci yabo, sai dai masu tallata ta sun cika tsallake tambaya ɗaya: yaushe man zai fito? Kakin zuma sai zafi ya kai digiri 62 yake narkewa, kakin karnuba na Brazil sai ya wuce 80, alhali jikin mutum 37 ne, kuma hanji bai ƙware da narkar da kaki ba. Rigar da ta hana iska shiga tana iya hana jiki cin moriyar abin da aka saya. Ba banza ba Ozan Ciftci na Jami'ar Nebraska ya gwada daskararren man waken suya a matsayin riga.

Ga kuma tsada. Tukunyar da za ta jure wannan matsi ba kayan ƙaramar masana'anta ba ce, don haka ba wanda zai ɓata ta kan man gyaɗa. Inda za ta biya kuɗinta shi ne kan abu mai daraja da saurin lalacewa, kamar bitamin A, wanda Najeriya ta wajabta saka shi a man girki da sukari da fulawa tun 2002. Hasken rana da zafi suna cinye shi, ga kayan suna yini a shanye a kasuwa. Ya kamata Hukumar NAFDAC ta fara neman hujja biyu daga duk wanda ya kawo irin wannan gari: nawa ya rage bayan watanni a zafin bazara, nawa kuma ya isa cikin jini.