Jego: Wa Ke Biyan Kwana Arba'in?

A watan Satumba na 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a riƙa ba ma'aikatan gwamnatin tarayya maza hutun kwana 14 idan matansu sun haihu. A teburin mai shayi dariya abin ya zama: me namiji zai yi a ɗakin mai jego, shi zai hura wutar ruwan wanka? Masu fafutukar haƙƙin mata suka ce ƙwarai kuwa, ya hura. Ina tare da su, amma ina ganin taƙaddamar tamu ta tsaya a ofis.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba mace ma'aikaciya mako 12, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin aikin. Legas a 2014 da Kaduna a 2019 sun kai na ma'aikatansu mata wata shida. Madalla. To mata nawa ne a Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar a jihar Jigawa suke karɓar albashi?

Je ka ga masu gyaran zoɓo da bakacen riɗi, waɗanda ake biya gwargwadon abin da hannu ya taɓa, da masu dafa abincin kasuwar Alhamis tun kafin asuba. Ranar da ɗayarsu ta kwanta haihuwa, ranar kuɗi ke ɗaukewa. Ba ta da takardar cikewa, ba ta da shugaban da zai sa hannu.

Za a ce al'ada ta riga doka: goyon ciki a gidan iyaye, wankan jego, kunun kanwa, kwana arba'in ba ta taɓa tsinke. Gaskiya ne, kuma ba abin rainawa ba ne. Sai dai wa ke yin aikin? Tsohuwa ce ke barin sana'arta ta zo ta tare, ƙanwar mai jego ce ke fashin makaranta saboda wankin tsumma da ɗebo ruwa. Maigida ya sayi ragon suna da itace, an ce ya fita kunya. Hutun mace ɗaya, mata biyu ne ke biyansa.

Shi ya sa buƙatata ta wuce ƙarin makonni ga masu albashi. Ina so gwamnatin Jigawa ta ware tallafin jego na kuɗi, ta biya shi ta asibitocin da mata ke zuwa awo, don ya kai ga mai zoɓo. Wanda kuma aka ba kwana 14, a gida zai yi su, ba a kasuwar shanu ba.