Mu Ma Mu Karanci Gashin Ƙashi

'Yan'uwana ɗalibai, kowa ka tambaya sai ya ce likitan tiyata zai zama ko lauya. Ni kuwa ina ganin mun manta da fannin gashin ƙashi.

Ku dubi dattawanmu na Sama Road. Wani ciwo kan taso masa daga ƙugu har diddige, saboda jijiya ta dannu a gadon bayansa. Wani kuma ciwon suga ya ɓata masa jijiyoyi, tafin ƙafarsa na zafi kamar ya taka garwashi. Ƙahon wanzami ba ya warkar da wannan. Likitan gashi yakan gano tushen ciwon, ya koya wa majinyaci motsa jikin da ya dace.

Tun 1966 Jami'ar Ibadan ta soma koyar da wannan fanni a matakin digiri. Mu ma a Sakkwato muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ya kamata daga cikinmu a sami masu binciken ciwon jijiya, su koyar da na baya, su yi wa iyayenmu bayani da Hausa. Saboda haka mu dage da darussan kimiyya, domin da sanyin safiya ake kama fara.