Littafin da Ya Kamata Mu Karanta

'Yan'uwana ɗalibai, a ganina littafin Bette Bao Lord na 1984, In the Year of the Boar and Jackie Robinson, ya cancanci shiga laburarenmu. An haife ta a Shanghai, aka kai ta Amurka tana ƙarama. Labarin wata 'yar Sin ne da ta sauka Brooklyn a 1947, ba ta jin Turanci, yara suna gudunta. A shekarar ne Robinson, baƙar fata, ya shiga babbar gasar besbol da Turawa suka kankane, ana zaginsa yana haɗiyewa. Yarinyar ta ɗauke shi gwarzonta.

Wasu iyaye za su ce zancen wariya ya fi ƙarfin yara. Ni kam na ga yadda muke yi wa sababbin 'yan aji ɗaya dariyar harshensu, har da ni.