Injin yankan kwana: kafin kafintan Batsari da Safana ya zuba jarinsa

Duk matashin da ke bibiyar bidiyon aikin katako a TikTok ko YouTube ya san wannan injin. Faifan zarto ne mai haƙora, a maƙale a hannu mai sauka da tashi, ƙarƙashinsa faranti mai juyawa hagu da dama. A ɗora katako, a sauke faifan, cikin daƙiƙa biyu kwana ta fita tsaf, guda biyu su haɗu kamar tare aka halicce su. Yaron kafinta a Batsari ko Safana da ya ga haka ba laifinsa ba ne idan ya fara lissafin sayar da babur ko ragunan da yake kiwo domin ya mallake shi.

Injin yana da amfani, babu musu. Amma a waɗannan garuruwa biyu, sayensa kafin a iya lissafin kwana, kuma kafin a san inda wuta za ta fito, cinikin biri a sama ne.

Dalilin sha'awar a fili yake. Kayan ɗakin amarya su ne kasuwar kafinta: gado, wadirof, madubi. Abin da ido ke fara kamawa a jikinsu shi ne firam da sandunan adon da aka zagaye su da su. Idan kwanar firam ɗin madubi ta yi baki, aka cike ta da garin katako da gam, dangin amarya za su gani, kuma a biki na gaba Katsina ko Kano za su nufa. Kuɗin da ya kamata su zagaya a cikin gari sai su bi mota su tafi.

Sai dai injin ba ya lissafi. Firam mai kusurwa huɗu yana buƙatar yanka takwas, kowanne a digiri 45. Idan saitin ya kauce da digiri ɗaya kacal, kuskuren zai taru ya kai digiri takwas, kwanar ƙarshe ta ƙi rufuwa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a raba 180 da yawan ɓangarorin. Mai ɓangare shida digiri 30 ne, mai takwas kuma 22.5. Kalkuletar da ke cikin kowace waya ta isa wannan aiki.

Bango kuwa nasa sha'anin daban. Ba kowane magini ne ke fitar da kusurwar ɗaki a digiri 90 cif ba. Idan aka auna aka samu 88, rabinta 44 ne, amma ma'aunin injin daga yankan miƙe yake fara ƙirga, don haka a 46 za a saita shi. A nan ne masu koyo da yawa ke ɓata katako. Adon da ke zama tsakanin bango da silin ya fi wuya, domin a karkace yake zama. Dabarar gwanaye ita ce a kifa shi, gefen da zai taɓa silin ya kwanta a kan farantin, gefen bango ya jingina da katangar injin, sannan a yanka. Wanda bai fahimci wannan ba, ko injin Makita ko Bosch ya saya, asarar itace kawai zai yi da sauri.

Matsala ta biyu ita ce wuta. Injin mai faifan inci 10 yana jan kusan wat 1,500 zuwa 1,800, kuma a lokacin tashi yakan ja fiye da haka sosai. Ƙaramin janareta na cajin waya da kunna fanka, wanda bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauke shi ba. Wutar KEDCO ba abar da za a yi wa mai aiki alkawari a kanta ba ce a karkarar Katsina, man fetur kuma ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Akwai masu aiki da batir, amma sun fi tsada, kuma batirin ma caji yake nema. Ke nan farashin injin gaskiya ya haɗa da janareta mai ƙarfi ko sola, da mai, da faifan canji.

Akwai kuma halin da yankin ke ciki. Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu, sun sha fama da 'yan bindiga, kuma suna cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse wa layukan waya a watan Satumban 2021. Wanda malaminsa bidiyo ne kawai, ranar da sabis ya ɗauke makarantarsa ta rufe. Abin da ya zauna a kai da hannu kuwa ba mai katse shi.

Masu ganin a sayi injin suna da hujja: sauri, tsabtar yanka, da kwarjinin da yake ba shago. Gaskiya ne, kuma ga shagon da aiki ke yi wa yawa, kuɗinsa za su dawo. Amma ga mai farawa, akwai mataki kafin nan. Katako uku da aka haɗa kamar kwalbati, aka tsaga musu hanyar zarto a digiri 45, suna fitar da kwana mai kyau da zarton hannu, ba mai, ba wuta. Wanda ya ƙware a kansa ya riga ya mallaki ilimin da injin ke nema.

Idan lokacin saye ya yi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafintoci huɗu ko biyar za su iya haɗa kuɗi ta adashe, su ajiye inji ɗaya da janareta a shago ɗaya, sauran abokan sana'a su riƙa biyan kuɗin yanka, kamar yadda ake yi a injin niƙa. A nemi faifai mai haƙora 60 zuwa 80 domin aikin ado, a gwada saitin da guntun katako kafin a taɓa na mai aiki.

Kuma a kula da jiki. Faifan yana juyawa sau dubu huɗu ko fiye a minti ɗaya. A naɗe hannun riga, a sa tabarau, a danne ƙananan guntaye da matsi maimakon yatsa, kada a ɗaga hannun injin sai faifan ya tsaya cak. Injin da ya lalace ana samun kayan gyaransa a Kano, yatsan kafinta kuwa ba a sayar da shi a kowace kasuwa.