Tuban da Ba Ya Mayar da Haƙƙi

A Linjilar Yohanna, Yesu ya shaida wa Nikodimu cewa sai an sake haifar mutum kafin ya ga mulkin Allah. Wasu Kiristoci na ɗaukar wannan tamkar takardar shaida, a karɓa sau ɗaya a adana. Kuskure ne babba. Martin Luther, a 1517, ya fara hujjojinsa da cewa rayuwar mai bi gaba ɗayanta tuba ce. Zakka mai karɓar haraji kuwa, a Linjilar Luka, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu.

Mutanen 'Yankuzo da Tsafe a Zamfara sun san bambancin irin wannan tuba da tuban baki. A sulhun da aka yi a jihar a 2019 an ga tubabbun 'yan bindiga suna miƙa makamai a Gusau, amma kashe-kashe da satar mutane ba su ƙare ba. Wani zai ce ceto alheri ne, ba a sayensa da aiki. Haka ne, amma alherin da bai sauya hali ba, ina shaidarsa? Fastocin Zamfara, ku koyar da tuban kullum, wanda ke mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa.