Ƙirƙirarriyar Basira: Ina Makomar Marubuci da Mai Zane?

Kwanakin baya, bayan na kammala wata lacca da na yi wa ɗaliban sakandare, wata yarinya 'yar aji biyar ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ta ce tun tana aji ɗaya take rubuta gajerun labarai, amma yanzu ta ga yayanta ya umurci wayarsa ta rubuta labari, kafin ƙiftawar ido ta fito da shafi uku. Shin akwai sauran amfani ta ci gaba da wahalar da kanta? Amsar da na ba ta a tsaye ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na ga ya dace in warware ta a wannan fili, don na san ba ita kaɗai wannan tambaya ke damu ba.

Da farko, ya kamata mu san abin da muke tsoro. Manhajoji irin su ChatGPT, wadda kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ita a watan Nuwamba na 1922 da ɗari, wato 2022, an ɗura musu ɗimbin rubuce-rubucen da mutane suka yi, har suka koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wace. Idan ka ce wa yaro "Ga ta nan, ga ta nanku", ba sai ya yi tunani ba zai amsa da "Ta zo mu ji ta", saboda ya sha jin haka. To, kusan haka na'urar take aiki, sai dai abin da ta sha gani ya fi ƙarfin abin da mutum zai iya karantawa ko da zai yi rayuwa dubu. Manhajojin zane ma haka suke, daga miliyoyin hotuna da bayanin da ke ƙarƙashinsu suka koya. Wannan ya sa take da ƙarfi inda rubutu ya yi yawa, take da rauni inda ya yi ƙaranci. Kuma idan ta iso inda ba ta sani ba, sau da yawa ba ta yin shiru, sai ta shirya abin da ya yi kama da gaskiya.

Masu son kwantar wa mutane hankali sukan kawo misalin darar Turawa da ake kira ces. A watan Mayu na 1997, a birnin New York, kwamfutar kamfanin IBM mai suna Deep Blue ta doke zakaran duniya Garry Kasparov, amma wasan bai mutu ba, gwanayensa na yau ma da kwamfuta suke atisaye. Gaskiya ne, amma misalin bai cika ba. Mai kallon dara mutum yake so ya ga ya yi gumi. Mai shagon da ke neman allon talla kuwa, ko mawallafin da ke neman bangon littafi mai araha, babu ruwansa da wanda ya zana. Saboda haka kada mu yaudari ɗalibanmu: aikin da kowa zai iya yi daidai da na kowa, kuɗinsa zai ci gaba da faɗuwa. Marubutan fina-finai na Amurka sun hango haka, suka yi yajin aiki na kwana 148 a 2023, har suka samu yarjejeniyar da ta hana a ɗauki na'ura a matsayin marubuci, ta kuma hana a tilasta wa marubuci amfani da ita. Su suna da ƙungiya mai ƙarfi. Yarinyar da ta tsayar da ni ba ta da komai sai biro da littafin rubutu, don haka dole shirinta ya zama na ƙashin kanta.

A ganina, jarinta na farko shi ne abin da ba a taɓa rubutawa ba. Ko da yake manhajar fassara ta Google ta ɗauki Hausa tun 2013, abin da ke rubuce da Hausa a intanet bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta shi da na Ingilishi. Mafi yawan iliminmu yana bakin mutane da hannuwansu. Malamai su gwada wannan a aji: a sa na'ura ta bayyana yadda ake rini, sa'an nan a tura ɗalibai marinar Ƙofar Mata a Kano, ko wadda ta fi kusa da su, su zauna da marini. Can za su ji yadda ake haɗa baba da toka, da yadda ake gane ruwan ya nuna, da abin da ake yi da katsi, su ji warin karofi, su saurari amon 'yan bugu. Ɗalibin da ya dawo da waɗannan a littafinsa yana riƙe da abin da babu wata manhaja da za ta ba abokin takararsa.

Jari na biyu shi ne kunne. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo iri ɗaya ake rubuta su, haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, alhali Bahaushe bai taɓa rikita su a baki ba. Mawaƙi da waɗannan sautuka yake gina baitinsa, mai labari kuma da su yake sanin inda jimla ta zauna da inda ta yi tuntuɓe. Wannan kunne ba ya samuwa sai da yawan sauraro da yawan rubutu da yawan gogewa.

A nan nakan tuna da Alhaji Abubakar Imam. Littafinsa Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937, da yawa daga labaransa an ɗebo tushensu ne daga Alfu Laila wa Laila da tatsuniyoyin Turai da na wasu ƙasashe. Amma wa ya taɓa karanta shi ya ji warin baƙunta? Ya san abin da zai ɗauka, da abin da zai zubar, da yadda sarki ko bafade ko ɓarawo zai yi magana a ƙasar Hausa. Na'ura a gare mu kamar tarin littattafan nan ce da aka ajiye a gabansa. Babu laifi marubuci ya tambaye ta tsarin babi, ko ta taƙaita masa dogon bayani, ko ta nuna masa inda ya maimaita kansa. Sai dai Imam ya riga ya iya Hausa kafin ya buɗe littattafan. Abin da nake jin tsoro shi ne yaron da zai fara da na'ura kafin hannunsa ya faɗa, domin ba zai taɓa gane lokacin da ta ba shi shirme ba. Don haka ina roƙon malaman harshe da na zane kada su haramta ta, kada kuma su sake mata aji. Ɗalibi ya fara yin nasa da hannu, sa'an nan a nemi na na'ura, a ajiye su gefe da gefe, aji ya fito da kurakuran kowanne.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka. A 2023 ofishin kula da haƙƙin mallaka na Amurka ya yanke hukunci a kan wani littafin labari cikin zane, wanda aka yi hotunansa da manhajar Midjourney. Ya amince da haƙƙin mai littafin a kan rubutun da tsarin jera hotunan, amma ya ƙi amincewa da shi a kan hotunan kansu, don ba hannun mutum ya zana su ba. Dokar kowace ƙasa daban take, amma ranar da aka yi gardama, za a nemi shaidar wanda ya yi aikin.

Saboda haka, 'yata, idan wannan mujalla ta iso makarantarku, kada ki jefar da tsofaffin littattafan nan naki. Ki riƙa sa kwanan wata a kan kowane shafi, har da waɗanda kika soke. Idan an yi hutu kuma, ki ari wayar yayan naki ki je wurin kakarki, ki ɗauki muryarta tana ba da labarin yadda aka yi bikinta, ki dawo ki rubuta shi yadda ta faɗa.